Suna Ɗaya da Ya Rage a Katin Asta

A rugagen da ke gabas da Gangara ba a yi macen da ta kai Asta matar Jaye iya ciniki da iya faɗa ba. Tun tana budurwa take ɗaukar ƙwaryar nono ta shiga gari. In ka taya mata a wulaƙance, sai ta wanke ka tas da Hausar da ta tsinta a bakin kasuwa, gobe kuma ta dawo ta yi maka gyara kamar ba ita ba. Matan gari na cewa ba maganar da ke tsaya mata a maƙogwaro. Sun yi kuskure kaɗan, domin akwai sunaye biyu da bakin nan nata bai taɓa furtawa ba: na mijinta, da na 'yarta ta fari.

Wanda ya zauna da Fulani ba zai yi mamaki ba. Hausawa ma suna kunyar ɗan fari, amma a ruga abin ya fi tsanani, fulako ne, ba a wasa da shi. Yarinyar Zainaba aka sa mata, sunan uwar Jaye, ka ga kunya ta zama biyu. Ranar da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma, daga can aka kai ta gidan miji. In Asta za ta yi mata magana sai ta ce "ke", in kuma zancenta take yi da wani sai ta ce "waccan". Ita Zainaba Adda take ce mata, kamar yayarta. Kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. Ba ranar kasuwar da Asta ba ta sayo ɗan abu, ko ƙuli-ƙuli ko ɗan kunne na roba, ta ba wata ta kai wa yarinyar, ta ja mata kunne kar a ce daga wurinta ya fito.

Haka aka zauna lafiya har daminar 1984. Ruwa ya sauka sau uku ya ɗauke, gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Kafin kaka, wadda ba a yi ba, shanu sun fara kwanciya ba sa tashi. Jaye ya ga in ya tsaya zai binne garken gaba ɗaya, sai shi da Hamma mijin Zainaba suka kora abin da ya rage suka yi kudu, suka tsallaka iyaka zuwa Najeriya. Suka bar Asta da yara biyu ƙanana, Bakari da Sajo. Ga Zainaba kuma an kawo ta goyon ciki, tunda cikin fari a gidan uwa ake haihuwarsa, kakar da ta rene ta kuwa ta riga ta rasu. Karo na farko ke nan da uwa da 'ya suka kwana ɗaki ɗaya tun yaye, suna zaune suna kauce wa idon juna. Abincinsu anza ce, 'ya'yan wani itacen daji, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita, sai dusa in an samu.

Da rani ya tsananta aka ji labarin taimako ya iso, jar dawa ce a kamyo, wato babbar motar kaya, amma ba a auna wa kowa sai mai kati. Malamin lakol, wato makarantar boko ta Gangara, wanda ake kira Mushe Tanimu irin kiran Faransawa, shi aka ɗora wa aikin rubutawa. Mutumin kirki ne, illarsa ɗaya ba ya iya ganin mutum uku a tsaye bai koya musu wani abu ba. Mutane na layi cikin rana, shi kuwa ya ɗaga katin yana bayani. Ya ce kalmar kati daga bakin Ingilishi ta fito, 'yan kasuwa suka ɗauko ta daga Najeriya. Ya ce Faransawa kart suke cewa, kuma karta da 'yan caca ke bugawa a bayan tasha duk zuri'ar ce. Asalinta wai wata tsohuwar kalma ce ta mutanen ƙetaren teku, sunan ganyen wata ciyawa da suke rubutu a kai, har ma takarda da muke gani tamu ce daga can ta samo tushe, ta biyo ayarin Buzaye ta hamada. Wato kati da karta da takarda 'yan ɗaki ɗaya ne, kowa da hanyar da ya biyo ya iso ƙasar Hausa. Wani tsoho ya gaji ya ce masa, Mushe, ana babbakar giwa wa ke jin ƙaurin zomo, a rubuta mu mu tafi.

An rubuta mutanen gari ranar Litinin, mutanen ruga ranar Talata, kuma kusan duk mata ne, maza sun bi shanu. Da layi ya zo kan Asta, Mushe Tanimu ya ji mai gida ba ya nan, sai ya sa katin da sunanta. Ya ce ta faɗi duk wanda ke cin tukunyarta. Ta ce ita, ta ce Bakari, ta ce Sajo. Ya tambaya ko shi ke nan. Asta ta kau da kai ta dubi ƙasa, ta yi shiru.

A ruga ko yaro ya san ma'anar wannan shirun, ya san akwai saura ɗaya wanda ba a faɗa. Matan da ke bayanta duk sun gane, amma ba wadda ta buɗe baki, kowacce tana fama da tata kunyar. Mushe Tanimu kuwa mutum ɗari ke jiran sa, ya ja layi a ƙarƙashin suna na uku ya ce mai bi. Ita Asta ba ta ɗauki abin da zafi ba. A tunaninta mai awo mutum ne, yana da ido, in ya ga mace da ciki ai ba sai an yi masa bayani ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Ba ta san cewa daga ranar mai awo ya daina kallon mutane ba, kati kawai yake kallo.

Rabon mutum uku aka riƙa auna mata, mutum huɗu na ci, ɗaya kuma da ciki. Asta ta riƙa tura nata gaban Zainaba tana cewa ta ci a gidan maƙwabta, ƙaryar da duk su biyun suka san ƙarya ce. Da watan ya cika Zainaba ta haifi namiji, ɗan mitsitsi, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Kwana uku, kwana huɗu, nono bai zo ba. Ba saniya ko ɗaya a ruga balle a tatsa. Ruwan dawa ake ɗiga masa da yatsa, uwar kuma in ta miƙe sai jiri ya mayar da ita.

Ana cikin haka aka kawo rabo na musamman don masu ciki da masu jego: garin kunu, madarar gari, da mai. Asta ta ɗauki katinta ta ruga. Mai awo ya duba ya ce suna uku ne a nan, kuma ba mai jego a cikinsu. Ranar Gangara ta ji muryar Asta. Ta zage shi, ta zagi mudunsa, ta ce ya zo ruga ya gani da idonsa in yana da su. Duk a banza. Mushe Tanimu ya ja ta gefe, ransa a ɓace don ya gane abin da ya faru, ya ce ba shi da ikon ƙara ko ɗigo, an riga an buga hatimi a Agiye, babban garin yankin. Gyara sai ranar Alhamis a buro, wato ofishin hukuma na can, kuma sai an je da mutumin da za a ƙara, mai kati ta faɗi sunan da bakinta. An tsananta ne saboda wasu sun riƙa sa sunayen matattu, wasu har aron jarirai suke yi.

Daga nan Asta ba ta koma ruga ba, gidan Hadiza matar Gado ta nufa. Hadiza Bahaushiya ce, shekara ashirin tana sayen nono a wurinta, shekara ashirin suna faɗa a kan gyara, har faɗan ya zama zumunci. Asta ta zauna a bakin murhu ta ba ta labari, ta ce ita kam ba ta ga yadda za ta tsaya gaban maza, baƙi, ta ambaci sunan nan ba. In ta yi, da wane ido za ta dubi matan ruga, da wane ido za ta dubi mai gida in ya dawo. Hadiza ta bar ta ta gama, sannan ta ce:

"Asta, ni ban san fulako ba. Amma hwaɗa mani, kunya za ki riƙe ko ɗiyarki? Guda za ki binne cikinsu, ki zaɓa."

Asta ta tashi kamar za ta mare ta, sai kuma ta koma ta zauna ta yi kuka, irin kukan da ba ta yi ba ko ranar da shanu ke mutuwa. Tsoro ne ya kama ta, tsoron rasa 'yar da ba ta taɓa runguma a gaban mutane ba.

Jakin Gado na cikin 'yan ƙalilan da suka rage da rai a garin. Ranar Alhamis bayan sallar asuba aka ɗaura masa amalanke, aka shimfiɗa tabarma aka kwantar da Zainaba da jaririn. Hadiza ta ja jaki, Asta na bin su a baya da ƙafa don kar nauyi ya yi masa yawa. Hanya duk ƙasusuwan dabbobi. Asta ta bari amalanken ya ɗan yi nisa, ta gwada faɗin sunan ita kaɗai, ba mai ji sai Allah. Leɓe ya motsa, murya ta ƙi fita. Ta gwada ya fi sau goma kafin su hango Agiye.

Sun tarar da jama'a cike a gindin bishiyar bedin da ke gaban buro. Suka bar amalanke a inuwa, nesa kaɗan da teburin da aka fito da shi baranda, Asta da Hadiza suka shiga layi. Sai bayan azahar suka kai gaban akawun, wani Malam Surajo, dattijo mai furfura a gemu. Ba mugu ba ne, an dai cuce shi har ya daina yarda da kowa. Ya karɓi katin ya tambayi wa za a ƙara. Hadiza ta yi wuf za ta faɗa, ya ɗaga mata hannu, ya ce mai kati yake tambaya. Asta ta ce 'yarta ce, ta farko ce, ga ta can kwance. Ya ce ya san al'adar, shi ma uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, amma jiya-jiya wata ta kawo masa 'yar maƙwabta ta ce tata ce.

"Ki kira ta daga nan inda kike tsaye," in ji shi. "In taki ce, ta amsa maki."

Akwai Fulani da yawa a wurin, maza da mata, kowa ya san abin da aka ce ta yi. Asta ta ji kamar an kwance mata zane a tsakiyar kasuwa. Ta dubi amalanken. Jaririn ya yi wani ɗan kuka, siriri, wanda ba ya kai ko'ina. To, abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ta runtse ido ta faɗi sunan, a hankali, kamar mai tsoron kar ya fashe.

Ba wanda ya amsa. Ta ƙara faɗa, da ɗan ƙarfi. Zainaba ta ji, har ta ɗaga kai, amma sai ta shiga waige-waige tana neman wace Zainabar ake kira a cikin taron. Ta san muryar, ta san sunan, amma shekara goma sha tara ba ta taɓa jin su a haɗe ba, ko a mafarki ba ta kawo ita ake nufi ba. Ta mayar da kai ta kwanta. Malam Surajo ya girgiza kai, ya turo katin bakin tebur, ya ce mai bi.

Nan ne fa Asta ta kasuwa ta tashi. Ran nan nata da Gangara ta sani ya ɓaci, kunya ta nemi hanya ta rasa. Ta dafe katin a kan tebur da tafin hannu, ta juya, ta buɗe muryar da take tallan nono da ita, wadda ake ji daga wannan unguwa zuwa waccan.

"Zainaba! Ke Zainaba ɗiyar Jaye, ni uwarki da na haihe ki nike kiranki, kurma kika zama?"

Sunaye biyun da ta riƙe rabin rayuwarta, a numfashi ɗaya ta zubar da su. Wani tsohon Bafulatani ya ja malafa ya rufe fuskarsa. Zainaba ta dafa gefen amalanke ta tashi zaune, macen da kwana goma ba ta iya zama sai an riƙe ta. Ta kalli uwarta ido cikin ido, hawaye na zuba.

"Na'am, Inna," ta ce.

Ita ma ranar ta fara faɗar wannan kalma. Hadiza ce ta fara rangaɗa guɗa, wasu mata suka taya ta, a wurin da wata shida ba a ji guɗa ba. Malam Surajo ya jawo katin, ya rubuta suna na huɗu, ya ƙara da jariri, ya huci hatimi ya buga. Ya kira gardin da ke tsaye ya ce a kai mai jegon nan wurin likita yanzu, a ba ta kunu kafin a auna musu komai.

Da wata ce, da ta karɓi katinta ta yi godiya ta tafi. Asta kuwa tana tsaye. Ta ga ƙofa a buɗe, kuma ba ta saba barin ciniki rabi ba. Ta ce wa akawun ba katinta kaɗai ke da rami ba, ya aika a duba, duk katin da aka rubuta ranar Talatar nan a Gangara ba ɗan fari ko ɗaya a ciki. Malam Surajo ya ajiye alƙalami ya dube ta. Ya ce ba kowace mace za ta iya abin da ta yi ba, kuma shi ba zai so ya sake sa wata ba. Asta ta ce ba sai sun yi ba. Ita ta riga ta zubar da tata kunyar, abin da ya zube kuma ba ya kwasuwa, to a bar ta ta yi wa sauran aiki da bakinta. Uwa ta tsaya ta ɗora hannu a kan ɗanta, ita Asta ta faɗi sunan, ɗan ya amsa, uwar ta gyaɗa kai. Akawun ya yi murmushi, na farko a yinin, ya ce wannan ya isa shaida.

Mako na gaba aka aiko da hatimi Gangara. Mushe Tanimu ya zauna a teburinsa, a karon nan ba lacca ko ɗaya, Asta na tsaye a gefensa. Ta san kowa, ta san ranar da aka haifi kowa, don ba rugar da ba ta ci suna a cikinta ba. Tun hantsi take kira har la'asar, murya ta dushe. Iyaye mata na zuwa kai a sunkuye, su ɗora hannu, su gyaɗa kai, su wuce da sauri. Mutum arba'in da uku aka ƙara a ranar, cikinsu har da masu ciki biyar. Daga nan sunan Asta Mai Kati ya bi ta, kuma ta amsa shi da hannu biyu.

Ba kowa ya yaba ba. Wasu tsofaffi sun ce ta sayar da fulako a kan mudun dawa, akwai waɗanda suka yi shekara ba sa amsa gaisuwarta, alhali jikokinsu na cin rabon da ta samo musu. Abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye ba, amma ba ta nemi gafarar kowa ba. A rana ta tara da fara shan kunu nonon Zainaba ya zo. Asta na waje tana daka ta ji kukan jariri ya tsaya, ta ji yana haɗiya. Ta ajiye taɓarya ta zaga bayan ɗaki, ta yi sujada a kan ƙasa.

Daminar 1985 ta yi kyau. Jaye da Hamma suka dawo da shanu 'yan kaɗan, ramammu, amma da ransu. Tun a hanya Jaye ya sha labari, har da ƙari. Matan ruga suka zuba ido su ga abin da zai yi wa matar da ta kira sunansa a gaban buro. Ya zauna, aka miƙo masa jikansa, yaro ya yi ɓul-ɓul yana jan gemunsa. Ya daɗe yana riƙe da shi. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, saniyar da ta fara haihuwa a garken nan ta Asta ce, ita da 'ya'yanta.

Wata rana da hantsi, nono ya dawo ruga, uwa da 'ya na zaune suna kaɗa mai. Zainaba ta yi ta juya magana a ranta, can ta yi ƙarfin hali ta ce, Inna, ki ƙara kira na sau ɗaya mana. Asta ta kau da kai. Ta ƙwala wa Sajo kira, ta ce ya gaya wa waccan ta ɗauki ɗanta, ga shi can yana cin ƙasa. Zainaba ta yi dariya har da hawaye, ta tashi ta ɗauke shi.

Asta ta ƙara shekara ashirin da shida a duniya, tana ciniki tana faɗa, kuma ba ta sake furta sunan ba har Allah ya karɓi abinsa. In aka tambayi Zainaba ko abin bai dame ta ba, sai ta ce ko kaɗan. Sau uku uwarta ta kira ta, na ukun kuwa duk Agiye ta ji tare da ita.